Bitar jarrabawar sa barci: ka fara daga mai cikin da za a yi wa aiki da dare

Ƙanena, ka ce jarrabawar kashi na ɗaya ta Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ta matso, littattafai sun yi maka tsibi, in ka karanta yadda jiki ke aiki sai magunguna su zube, in ka koma magunguna sai na'ura ta ɓace maka, kana tambaya ta ina za ka kama. Ka ajiye karatun babi bayan babi tukuna. Ka ɗauki majiyyaciya ɗaya: mai ciki ɗan mako 38, naƙuda ta ƙi ci gaba, ta ci tuwo awa biyu da suka wuce, likitan mata ya ce a shiga da ita yanzu. Ka bi ta daga gadon ɗakin haihuwa har ta farfaɗo, a kowane mataki kana tambayar kanka me ya sa ake yin haka, kuma in ya ɓaci me za ka yi. Tambayoyin nan biyu su ne abin da mai jarrabawar baka ke nema, ko a wannan kwaleji ko a ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas.

Fara da huhunta. Iskar da ke saura a huhu bayan ta fitar da numfashi ta ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari, saboda mahaifa ta tura tantanin ƙirji sama, ga jikinta yana cin oksijin fiye da da. Ajiya ta ragu, buƙata ta ƙaru, shi ya sa da numfashi ya tsaya za ka ga lambar oksijin tana faɗuwa da saurin da ba ka gani a wurin namiji lafiyayye. Ruwan jininta ya ƙaru da kashi 45 zuwa 50, jajayen ƙwayoyi kuwa da 20 zuwa 30 kawai, don haka awon jininta zai nuna ya yi ƙasa ko da tana lafiya. Haɗarin yana nan: tana iya zubar da jini fiye da lita ɗaya matsin jininta bai motsa ba, sai bugun zuciya ne ke hawa. Wanda ya jira matsin jini ya faɗi kafin ya nemi jini ya makara. Daga mako na 20 kuma, in ta kwanta rigingine mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai ka karkata gadon hagu da digiri 15 ko a ture mahaifar da hannu. Tumbinta ka ɗauke shi cike da abinci ko da ta rantse ba ta ci komai ba, domin bakin tumbi ya saki, naƙuda ta rage saurin narkewar abinci. Likita Mendelson ya bayyana ɓarnar da ruwan tumbi ke yi in ya shiga huhu tun 1946, kuma a kan masu haihuwa ya yi bayanin. Ka ba ta sodiyam sitiret mililita 30 don kashe tsamin tumbi, da metokulofiramaid miligiram 10 don tumbin ya yi saurin saukar da abinci.

Allurar baya ita ce zaɓin farko, kuma a nan nake so ka daɗe. Laka a babban mutum tana ƙarewa wajen L1 zuwa L2 (L lambar gaɓoɓin ƙashin baya ce na ƙugu, T na ƙirji, C na wuya). Layin da ya haɗa saman ƙasusuwan ƙugu biyu yana ratsawa wajen L4, amma a mai ciki hannu yakan yaudare ka ka hau sama da inda kake zato, don haka ka nufi tsakanin L3 da L4 ko ƙasa da nan. Ka iya jero abin da allura ke hudawa ba tare da inda-inda ba: fata, kitse, jijiyar da ke bisa ƙayoyin ƙashin baya, wadda ke tsakaninsu, rawayar jijiya mai tauri, sararin da ke wajen tantanin da ya lulluɓe laka, sannan tantanin biyu, sai ruwan laka ya ɗigo. Allura mai baki irin na fensir, lamba 25 ko 27, tana raba zaren tantanin, mai kaifi kuwa yanka shi take yi, ruwa ya yi ta tsiyaya, matar ta tashi da ciwon kai mai tsananta in ta zauna, mai lafawa in ta kwanta.

Maganin shi ne bufibaken mai nauyi na kashi 0.5, mililita 2 zuwa 2.5, wato miligiram 10 zuwa 12.5. Nauyinsa daga sukarin gulukos na kashi 8 da aka haɗa shi da shi ne, shi ya sa yake gangarawa inda gado ya karkata. Mai ciki tana buƙatar ƙasa da abin da za ka ba wata, domin jijiyoyin jinin da ke kewaye da tantanin sun kumbura sun matse wurin. Kafin a sa wuƙa sai mutuwar jiki ta kai T4, daidai kan nono, in da sanyi kake gwadawa. Za a tambaye ka don me, alhali yankan a mara yake. Tantanin da ya lulluɓe hanji yana kai saƙon zafi har can sama, in mutuwar jikin ta tsaya a cibiya, wato T10, matar za ta yi ihu lokacin da aka jawo mahaifa.

Minti biyu zuwa biyar bayan allura matsin jini zai so faɗuwa, saboda jijiyoyin da ke tsuke hanyoyin jini sun mutu. Alamar farko sau da yawa tashin zuciya ce. Idan ta ce za ta yi amai, ka duba matsin jini kafin ka miƙa hannu ga maganin amai. Ka riƙe lambar sama ta matsin jini a kashi 90 cikin ɗari na yadda ta zo da ita ko fiye, kana aunawa kowane minti har a ciro jariri, ruwa yana gudu ta babbar allura. Don ɗaga matsin, fenilefirin maikirogiram 50 zuwa 100 ya fi dacewa in bugun zuciya yana sama, efedirin miligiram 5 zuwa 10 in yana ƙasa. Efedirin yana ratsa mabiyiya ya ƙara wa jinin jariri tsami, wannan ne dalilin da ya sa ya koma na biyu. In bugun ya sauko sosai, jijiyoyin da ke hanzarta zuciya, T1 zuwa T4, sun shiga cikin abin da ya mutu: atirofin miligiram 0.6. In kuma ta ce yatsunta sun yi sanyi, riƙon hannunta ya yi rauni, muryarta ta koma raɗa, maganin yana hawa wuya, kuma jijiyar numfashi daga C3 zuwa C5 take fitowa. Oksijin, kira taimako, ka shirya sa bututu, adirenalin a kusa.

Mai jarrabawa zai juya maka labarin. Zai ce jini na zuba, ko ƙwayoyin daskarar da jini sun yi ƙasa da dubu 70, ko allurar ba ta kama ba. To sai barci gaba ɗaya. Ka shaƙa mata oksijin zalla minti 3 da marufi mai kama fuska sosai, ko dogon numfashi 8 cikin minti ɗaya. Maganin sa barci: tayofenton miligiram 5 ga kowane kilo, ko furofofol 2 zuwa 2.5, amma in ta zubar da jini ketamin 1 zuwa 2 za ka ɗauka, domin waɗancan biyun za su ƙarasa kayar da matsin jinin. Sakzametoniyam, maganin sakin tsoka don a sa bututun numfashi, 1 zuwa 1.5 ga kilo, ya kama cikin daƙiƙa 45 zuwa 60. Mataimaki ya danna guringuntsin maƙogwaro don kada abin da ke tumbi ya hauro, yadda Likita Sellick ya bayyana a 1961, ƙarfin niyuton 10 tana farke, 30 in ta yi barci. Bututu ƙarami, 6.5 ko 7, saboda maƙogwaronta a kumbure yake kuma yana saurin jini. Shaidar cewa bututu ya shiga hanyar iska ita ce zanen iskar kabon da ke fita yana maimaituwa a allo. Motsin ƙirji da gumin cikin bututu suna ruɗi. In ka gwada sau biyu bai shiga ba ka tsaya, na uku na wanda ya fi ka ne. Ka koma ba ta iska da marufin fuska ko marufin maƙogwaro, ka sassauta dannawar in tana tare maka hanya. Rashin oksijin ke kashe mata a wannan wurin, kuma yawan cusa ƙarfen leƙa maƙogwaro yana kumbura maƙogwaron har iskar da kake iya bayarwa da farko ta gagara.

Tunda sakzametoniyam ya shigo, ka gama da shi a nan. Yana ɗaga fotasiyam na jini da kusan milimol 0.5 a lita ga mai lafiya, amma a wanda ya ƙone kwana biyu da suka wuce ko ya shanye yana iya ɗaga shi har zuciya ta tsaya. Shi da iskokin sa barci irin su haloten ne ke tayar da mugun zazzaɓin nan na gado, wanda alamarsa ta farko hawan iskar kabon ce da saurin bugun zuciya, zafin jiki daga baya yake zuwa. Maganinsa dantirolin miligiram 2.5 ga kilo.

Jariri ya fito. Oksitosin, maganin tsuke mahaifa, yunit 3 zuwa 5 a hankali, domin tura shi da sauri yana faɗar da matsin jini. Mahaifa ta ƙi tsukewa, ka rage iskar barcin, haloten musamman yana sakar da ita. Cikin sauran magungunan tsuke mahaifa, agometirin miligiram 0.5 haramun ne ga mai hawan jini, kabofuros maikirogiram 250 haramun ne ga mai asma. In jini na zuba, taranekzamik, maganin rage zubar jini, giram 1 cikin awa 3 da haihuwa. In mai jijjigar hawan jinin masu ciki ce aka kawo tana kan magniziyam salfet, giram 4 ta jijiya da giram 10 a ɗuwawu, ka tuna yana tsawaita aikin magungunan sakin tsoka, ka rage su. In ka buga gwiwa ba ta zabura ba, ko numfashi ya sauka ƙasa da 12 a minti, maganin ya yi yawa: kalsiyam gulukonet na kashi 10, mililita 10 cikin minti 10.

Ɓangaren na'ura da kake gudu ma yana cikin ɗakin nan. Tukunyar oksijin ƙirar E cike take da lita 680 a matsi 137 na ma'aunin "bar", kuma allurar ma'auninta tana sauka daidai da abin da ya rage. In ta nuna rabi kana ba da lita 6 a minti, ba ka da cikakkiyar awa ɗaya. Tukunyar naitiros, wata iskar sa barci, dabam ce, ruwa ne a ciki, ma'auni ba ya motsi sai ruwan ya ƙare, don haka auna nauyinta ake yi. Sama da digiri 36.5 naitiros ba ya zama ruwa komai matsin da aka yi masa, kuma zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya wuce haka. Wannan ya sa ake cika ta 0.67 na nauyin ruwan da za ta iya ɗauka a ƙasashe masu zafi, 0.75 a masu sanyi. Na'urar yatsa mai auna oksijin tana aiki da haske biyu, nanomita 660 da 940, ba ta bambance jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya shaƙi hayaƙin janareta, sai ta nuna maka lamba mai kyau ga mutumin da ke mutuwa. Lissafin kashi kuma ya zauna maka a ka: kashi 1 miligiram 10 ne a mililita. Iyakar bufibaken miligiram 2 ga kilo, lidoken 3, ko 7 in da adirenalin. Mai kilo 60 iyakarta mililita 24 na bufibaken kashi 0.5. In ta ce leɓenta ya mutu, kunne na ƙara, sai jijjiga, maganin ya yi yawa a jini: ka daina turawa, ka kama numfashi, ka ba da ruwan kitse na kashi 20 ta jijiya, mililita 1.5 ga kilo.

Duk wannan da baki za ka yi shi. Ka sami abokin karatu ya zauna gabanka da agogo, ya ba ka minti 10, ya riƙa katse ka da "me ya sa". Inda harshenka ya sarƙe, nan ne shafin da za ka buɗe a daren. In ka gama da wannan matar, ka ɗauki yaro ɗan shekara 4 mai sikila da za a yi wa aikin ƙaba, ka bi shi haka, daga girman bututu zuwa sanyi da ƙishirwa da ƙarancin oksijin da ke lanƙwasa ƙwayoyin jininsa. Bayansa dattijo mai toshewar hanji da ya kwana uku yana amai.