Ɗana ya daina ba ni labari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana shekararsa 12. Da can, da ya dawo daga makaranta sai ya zayyane min duk abin da ya faru. Yanzu ko me na tambaye shi, amsar ba ta wuce "lafiya lau" ko "ba komai". Makon jiya malaminsa ya kira ni, ashe kusan wata biyu wasu yara suna ƙwace masa kayan rubutu suna yi masa ba'a, bai taɓa faɗa min ba. Na yi masa faɗa sosai kan ɓoyewar, sai ya ƙara yin gum. Babansa ya ce in riƙa bincika jakarsa da wayarsa a ɓoye. Shin hakan zan yi? Daga wata uwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na san zafin da kika ji, uwa ta ji matsalar ɗanta daga bakin wani. Amma ki duba abin ta wajen yaron. Wata biyu yana haɗiye baƙin ciki shi kaɗai, ranar da maganar ta fito kuma sai ga faɗa. Abin da zai riƙe a ransa shi ne: gara ma da Mama ba ta sani ba.

Ni ma na taɓa yin irin wannan. 'Yata ta fari tana shekara 10 ta raɗa min cewa tana tsoron wata yarinya a ajinsu har ba ta iya cin abinci lokacin tara. Da yamma ƙannena suka zo, na kwashe labarin na ba su, tana zaune. Babu wanda ya zage ta, amma na ga yadda ta sunkuyar da kai. An fi shekara kafin ta sake kawo min wata magana mai nauyi, kuma sai da na zaunar da ita na ce, "Na yi kuskure da na faɗa wa mutane sirrinki, ki yafe min." Ban ga darajata ta ragu a idonta ba. Daga ranar ne ma ta fara sakewa da ni.

Batun binciken jaka, ban goyi baya ba. A shekarar 2000, masana biyu a ƙasar Suwidin, Håkan Stattin da Margaret Kerr, sun yi nazari kan yara 'yan shekara 14 da iyayensu. Suka gano cewa mafi yawan abin da iyaye suka sani game da 'ya'yansu, yaran ne suka faɗa musu da kansu, ba sa ido da tuhuma ne suka tono shi ba. Jaka za ta nuna miki biro ya ɓata, ba za ta gaya miki wa ya ƙwace shi ba, balle yadda yaron ya kwana da abin. In kuma ya gane ana laluben kayansa, sai ya koyi ɓoyon da ya fi na da. A 2011 ma wasu masana biyu, Victoria Talwar da Kang Lee, sun gwada yara 'yan shekara 3 zuwa 4 a makarantu biyu, aka hana su leƙa wani abin wasa. Yawancinsu sun leƙa, amma na makarantar da ake tsananta horo sun fi yin ƙaryar cewa ba su leƙa ba, kuma sun fi iya tsara ta. (Wayar yaro mai shekara 12 tana buƙatar kulawa, wannan gaskiya ne, sai dai a yi ta da saninsa.)

To, ki fara da gyara faɗan nan. Ki same shi shi kaɗai, ba gaban ƙannensa ba, ki ce, "Ranar nan tsoro ne ya sa na ɗaga murya. Abin da suka yi maka ba laifinka ba ne." Sai ki yi shiru. Shirun nan ne ya fi wuya, domin bakin uwa cike yake da nasiha. Ko minti biyu ya yi bai ce uffan ba, ki bar shi.

Ki rage yi masa tambaya ido cikin ido kamar mai tuhuma. Yara da yawa sun fi buɗe baki idan ana tafiya tare ko hannu yana kan wani aiki. Maimakon "Yaya makaranta?", gwada "Yau da wa ka zauna lokacin tara?" In ya fara, kada ki katse shi da "Me ya sa ba ka rama ba?" Ki ce, "Sai me ya faru?"

Maganar yaran da ke cin zalinsa kuwa, dole ki koma makarantar, ke da babansa in zai yiwu. Amma kafin ku je, ki gaya masa ranar da za ku je da abin da za ku faɗa, ki tambaye shi ko akwai abin da yake tsoron ya biyo baya. Bayan mako guda ki sake tambayarsa ko sun daina. Idan kika ga ya daina cin abinci, barci ya gagare shi, ko ya fara ƙin zuwa makaranta, kada ki jira, ki kai shi wajen likita.