Sani, Motocin Bangon Mujallar Nan Ba Haka Suka Fito Daga Kamfani Ba

Jiya ka tare ni da tambaya ina ƙarƙashin motar Alhaji, hannu duk baƙin mai, na ce ka bari sai na natsu. Mujallu ukun nan da ka tsinta a but ɗin motar da aka kawo daga Kwatano na tafi da su gida na duba. Cewa ka yi: "Oga, wace irin mota ce wannan, ba rufi ba ƙofa, kujera biyu da tanki a baya kamar ganga? Ta tsere ce? Kuma injin zamanin da, ina ya samo gudu?" To, jawo benci ka zauna.

Mujallar sunanta The Vintage Ford, ta wata ƙungiya ce a Amurka ta masu tsohuwar Ford samfurin T, wadda aka kafa a 1965, har gidan ajiyar motoci gare su a garin Richmond na jihar Indiyana. Irin motar da ke bangon kuwa "speedster" suke ce mata, wato 'yar gudu. Abin da za ka fara riƙewa shi ne, kamfanin Ford bai ƙera ta haka ba. Abin da ya ƙera, daga 1908 zuwa 1927, mota ce ta manoma da masu iyali, doguwa kamar rumfa, wajen guda miliyan 15. Samari ne suka mai da ita yadda ka gani.

Dalili kuɗi ne. A lokacin akwai motocin gudu na gaske, irin Mercer Raceabout da Stutz Bearcat, amma kowace dala 2,000 ko fiye take. Sabuwar Ford kuwa a 1925 har dala 260 ta sauko, balle tsohuwa da ta gama wahala a gona. Sai saurayi ya sayi tsohuwar, ya kwance bodi ya jefar, ya bar shasi da inji, ya ɗora kujeru biyu masu kama da bokiti, ya ɗaure tanki mai zagaye a baya, wani ya ƙara ɗan gilas kamar faifai a jikin sandar sitiyari don tare iska. Daga nesa sai ka ce Mercer. Mai ɗan hali kuma ya yi odar bodi daga ƙananan kamfanoni irin Mercury da Ames da Paco, mai tsinin baya kamar kwalekwale. Jar nan ta mujalla ta biyu irinsa ne a kanta.

Yanzu maganar gudu. Injin silinda huɗu ne, lita 2.9, ya fi na Fijo 504 girma nesa, amma ƙarfin doki 20 kacal yake bayarwa, kuma in motar ta kai kilomita 70 a awa ta ƙure. Me ya sa babban inji ya zama rago haka? Ba ya shaƙar iska yadda ya kamata. Bawul ɗinsa a gefen silinda suke, cikin bulok, ba a sama ba. Mai da iska sai sun yi kwana kafin su shiga, hayaƙi sai ya yi kwana kafin ya fita, matsin da fistin ke yi kuma wajen huɗu bisa ɗaya ne kacal, saboda fetur ɗin zamanin ba shi da kyau. Kamar ka sa ƙato gudu ne da tsumma a hanci.

Cire bodi ya rage nauyi, wannan ko yaro ya gane. Aikin gwaninta a kan inji yake. Wasu maƙera suka fito da sabon kan silinda mai bawul a sama, ka kwance na Ford ka ɗora nasu. Uku ne suka yi suna: Rajo, na Joe Jagersberger a garin Racine, Roof, na Robert Roof, sai Frontenac, na 'yan'uwan nan Louis da Arthur Chevrolet. E, Chevrolet ɗin da ka sani. Louis ya riga ya rabu da kamfanin da ke ɗauke da sunansa, ya koma yana sayar wa masu Ford kayan gudu, ka ji duniya. A haɗa da kafireto na Winfield da salansa madaidaiciya, sai ƙarfin injin ya ninka. Kada ka ɗauka wasan yara ne. A 1922 Noel Bullock ya ci tseren hawan dutsen Pikes Peak da Ford mai kan Rajo. A 1923 kuma L. L. Corum ya zo na biyar a tseren mil 500 na Indianapolis da Ford mai kan Frontenac, yana yin sama da mil 82 a awa, kusan kilomita 132 ke nan, a tsakiyar motocin da kuɗinsu ya ninka nata sau da yawa.

Sai giya. Biyu gare ta na gaba, kuma da ƙafa ake sa su. Feda uku ne a ƙasa: ta hagu in ka danne giya ɗaya, in ka saki giya biyu; ta tsakiya ribas; ta dama birki. Totur a hannu yake, jikin sitiyari. Tsakanin giya ɗaya da biyu akwai tazara mai yawa, shi ya sa suke sa bak-aksil na Ruckstell mai hawa biyu, ko ƙarin giyabos irin Warford, su kuma canza haƙoran baya daga 3.63 zuwa 3 don taya ta riƙa juyawa da sauri.

Duk wannan kai ne ka tambaya. Ga abin da ba ka tambaya ba, kuma shi na fara dubawa da na ɗauki mujallar. Kai jan fenti ka gani da tagullar lagireto tana walƙiya. Ni tayar baya na leƙa, ina neman birki.

Motar nan ba ta da birki a tayoyin gaba, ko kaɗan. Fedar dama ma ba tayoyin baya take kamawa ba. Wani ɗamara ne mai shafin auduga, yana iyo cikin baƙin mai, yake shaƙe ganga a cikin giyabos. Daga can tsayawar za ta bi ta shaf, ta shiga bak-aksil, sannan ta isa taya. To, yi tunani irin na makanike. In wani abu ya katse a wannan hanya fa? A cikin bak-aksil ɗin akwai wasu wosha na farin ƙarfe mai taushi da suke rugujewa in sun tsufa, haƙora su saki juna, ka taka birki har ƙasa, ganga ta tsaya cak, mota kuwa tana tafiyarta. Haka in mutum ya sa Warford ya kuskure giya a gangara ta faɗa firi: inji da birki sun rabu da taya ke nan. Abin da ya rage masa hambirki ne, wanda kafin 1926 ƙarfe ne kan ƙarfe a 'yar ƙaramar ganga, don ajiye mota aka yi shi. A kilomita 40 mutum zai iya sha da ƙyar. A 100, sai dai a kai labari gida.

Shi ya sa masu hankali a cikinsu suke canza woshar nan da ta tagulla, su ɗora birkin da ake kira Rocky Mountain, mai kama gangar taya ta waje kai tsaye. Ɗauko mujallar farko ka duba bayan sifok ɗin tayar baya. Ka ga babbar gangar nan da ɗamara a kewaye? Mai wannan motar yana hawanta da gaske. Rawayar ta mujalla ta uku ba ta da shi, kuma tayoyinta na katako ne. Ta yi kyau a hoto, amma ni ba zan shiga ba ko da kuɗi. Sifok na katako ba ya son kwana da gudu, don haka masu gudun gaske suke komawa na waya, irin Buffalo ko Houk. Suna kuma sauke motar ƙasa, su lanƙwasa aksil na gaba ko su yanka shasi, domin Ford ta asali tsayi gare ta kamar raƙumi, an yi ta ne don hanyar kwari da taɓo.

Ina yaro kamarka na taɓa yin irin wautar. Wani ya kawo mana Bitil yana so ta riƙa gudu, na zaƙe na sa mata babban kafireto, ban ko buɗe tayoyin ba. Ranar gwaji na daki katangar makwabci. Maigidana bai ce uffan ba, sai dai wata uku ban taɓa inji ba, birki kawai nake kwancewa.

Akwai kuma karanshaf. Na Ford siriri ne, a wuri uku kawai yake zaune, kuma ba famfon baƙin mai, fantsama kawai yake yi. Ka ninka masa ƙarfi, wata rana sai ka ji ƙas. Har ba'a suke yi wa juna a ƙungiyar, wai wane ya shiga sahun masu karanshaf gida biyu. Da yawansu yanzu na Ford samfurin A suke sawa, ko sabo mai kauri.

In kana so ka san shekarar motar, kada ka dogara da hoton. Lagireto na tagulla ya tsaya a 1916, daga 1917 baƙin ƙarfe ne, amma 'yar gudu haɗe-haɗe ce: inji na wata shekara, aksil na wata, fitila ta wata. Lambar da aka buga a gefen hagu na bulok, saman inda ruwa ke shiga, ita ce ke faɗin shekarar injin.

Ajiye mujallun a durowa kada mai ya ɓata su, in an tashi aiki na nuna maka yadda kwayil huɗun nan na akwatin katako suke ba filogi wuta. Yanzu ɗauko jak ka ɗaga motar Alhaji, ka kwance min tayar baya ta hagu, tun jiya nake jin tana kuka.