Amsar tambayarka a kan abin da masu karatu suka ce game da littafinka na yaƙi da tsafi

Yarona, saƙonka ya iso tun shekaranjiya, abin da ya hana ni amsawa da wuri shine sai da na sake zama na bi daftarin naka tun daga babi na 1 har zuwa na 26, sannan na ɗauko maganganun mutum tara ɗin nan da ka ba su suka karanta na duba su ɗaya bayan ɗaya. Tambayarka dai ita ce wannan yace duniyar da ka ƙirƙira ta burge shi, wancan yace tsakiyar littafin barci ta sa shi, wasu sunce ƙarshen bai gamsar da su ba, wani kuma cewa yayi a kashe abokin jarumin a ƙara soyayya, toh wa zaka bi a cikinsu, ko ka watsar da su gaba ɗaya ka bi ranka. Kuma naga a ƙasa ka rubuta wai jikinka yayi sanyi. Dan Allah kar yayi sanyi, mutum tara ka ba shafi ɗari uku da wani abu, bakwai sun kai ƙarshe har suna musu a kan abin da ya kamata ya faru, wanda labari bai shiga ransa ba ai ba ya musu, ajiyewa yake yi yace maka yayi kyau.

Ka taɓa kwana a ɗaki mai yoyo ai. Inda ruwan ke ɗiga ba lallai ne nan hudar take ba, yawanci ya shigo ne daga can gefe ya bi katako ya gangaro kafin ya sauko maka a fuska. Mai karatu shine wanda yake kwance ruwa na ɗigar masa, in yace maka nan ne na jiƙe toh ka yarda da shi ba gardama, amma in ya fara nuna maka inda za'a liƙe, ka saurare shi da mutunci kawai, hawa rufin aikinka ne.

Bari mu fara da ƙarshen tunda mutum huɗu ne suka yi ƙorafi a kansa, kuma huɗun nan basu san juna ba. Duk inda kaga mutane da yawa sun tsaya a wuri guda suna cewa wani abu ya ɓaci toh ya ɓaci ɗin. Su abin da suka gani shine a babi na 25 runduna ta zagaye yaron, wato jarumin labarin, a bakin kogi na bakwai, babu gaba babu baya, kawai sai ga wani ƙaton tsuntsu da ba'a taɓa jin labarinsa ba ya sauko ya sure shi. Wannan aibin tsoho ne a sana'ar nan, tun a wasannin kwaikwayo na birnin Atina a ƙasar Girka wajen shekara 400 da wani abu kafin haihuwar Annabi Isa suna da wata na'ura mai igiya da ake ɗago ɗan wasa da ita a sauke shi a dandamali a matsayin abin bautarsu, in labari ya cakuɗe sai ya zo ya warware komai da kalma biyu, kuma tun a can baya masanin falsafarsu Aristotal ya soki abin, yace warwarar labari daga cikin labarin ya kamata ta fito. Kaga tsuntsun naka na'urar nan ce ka sa mata fukafukai.

Amma ni a ganina ba a babi na 25 hudar take ba, tana babi na 19. Koma ka karanta babinka na 4, wallahi shine mafi kyawun abin da ka taɓa rubutawa. Jarumin naka ɗan mai fito ya samu igiyar tsafin nan, ka kafa doka cewa duk ƙullin da ya ƙulla a jikinta lokaci zai tsaya na numfashi goma amma shi kuma zai manta abu guda daga rayuwarsa, ya ƙulla na farko don ya ceci ƙanwarsa daga ruwa, da dare ya kwanta yana tuna mahaifiyarsa tana masa waƙa, yana ganin fuskarta yana ganin bakinta na motsi amma muryar ta tafi, ya nema ya nema babu. Sai da na ajiye takardar na ɗan yi shiru da na zo wurin nan. Daga nan mai karatu ya fara ƙirga ƙulli tare da kai, duk sanda hannun yaron ya kai kan igiyar gabansa faɗuwa yake yi. Toh sai gashi a babi na 19 a faɗan kasuwar matsafa ya ƙulla uku a shafi ɗaya bai manta ko sunan karen maƙwabcinsu ba. A nan ka rasa mutanenka, su basu ankara ba a lokacin saboda faɗan yana da daɗi, amma tsoron da suke ji ya fita daga ransu, shi yasa da aka zo ƙarshe babu abin da ya rage sai tsuntsu. Mai karanta irin wannan littafi da yardarsa ya shigo, wani mawaƙin Ingila Coleridge yayi magana a kan wannan tun 1817, cewa mai karatu yakan jingine shakkarsa da gangan na ɗan lokaci don ya ji daɗin labari. Ba zai tambaye ka ta yaya igiya take tsayar da lokaci ba, ya yarda, aljani ya yarda, gari a bayan kifi ya yarda, abin da ba zai yafe maka ba shine ka kafa doka da bakinka sannan ka taka ta saboda ka matsu. Tsafin da babu farashi a kansa kashe labari yake yi. In ka gyara 19 kowane ƙulli ya ci wani abu mai ciwo, zaka ga ƙarshen ya fara nuna kansa, don yaron zai isa kogi na bakwai da ƙulli ɗaya da ya rage da abu ɗaya da bai manta ba tukuna, kai ka san menene abin, ni bazan faɗa maka ba.

Maganar tsakiya kuwa gaskiya suka faɗa, daga babi na 9 zuwa na 14 tafiya ce kawai, a shiga gari a ga abin mamaki a yi faɗa a fita, a shiga wani. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, na ɗauki babi na 11 na sa shi a gurbin na 13 na karanta, babu abin da ya lalace. Duk babin da zaka iya canja masa wuri labari bai ji a jikinsa ba toh ba ya ɗauke da kaya. Labarin tafiya yana da wannan tarkon saboda ƙafa tana motsi sai marubuci ya zaci labari ma yana motsi. Ko ka haɗe garuruwa ukun su zama ɗaya, ko kowanne ya karɓe wani abu daga hannun yaron wanda ba zai dawo ba. Wanda yace a kashe abokin jarumin wannan ciwon ne yake ji, yana so wani abu ya faru wanda ba'a komawa baya, sai ya kawo maganin da ya fi kusa da hannunsa. Kar ka kashe kowa don an ce ka kashe, soyayyar ma kar ka cusa ta.

Yanzu yabo, don naga kai ƙorafin kawai ka ja wa layi. Yabo ma bincikensa ake yi. Mutum shida sun ambaci tsohuwar makauniyar nan mai tuƙa jirgi, alhali babi uku kacal ta fito, jarumin da yake kowane shafi kuwa mutum ɗaya ne ya ambace shi. Ka tambayi kanka dalili. Tsohuwar tana son abu, so take ta kai ƙasusuwan mijinta tsallaken kogi kafin ta mutu kuma zata yi ƙarya zata yi cuta don ta samu, yaron naka shi kuwa bayan babi na 4 tura shi kawai ake yi, boka yace je ka can ya tafi, sarauniya tace dawo nan ya dawo. Hannun da ya rubuta tsohuwar nan naka ne, ka iya kenan, ka ba yaron irin wannan yunwar.

Sunaye kuma ka rage, na ƙirga goma sha ɗaya a shafi uku na farko, huɗu da harafi ɗaya suka fara, mutum biyun da basu gama ba inaga a nan ka fara gajiyar da su. Tarihin masarautun da ka zuba a gabatarwa ka cire shi ka riƙa sakinsa kaɗan kaɗan a bakin mutane lokacin da ake buƙatarsa.

Akwai wanda ya rubuta maka cewa labarin irin wanda aka saba ne, yaro talaka ya bar gida, ya samu abin tsafi, ya haɗu da mai taimako, ya fuskanci mugu. Wannan kar ya dame ka ko kaɗan. Wani masani ɗan Rasha Vladimir Propp a 1928 ya zauna ya feɗe tatsuniyoyin ƙasarsu kimanin ɗari ya gano matakai 31 ne suke ta maimaituwa a cikinsu, barin gida, gwaji, samun abin sihiri, karawa da mugu, dawowa. Ƙashin bayan ɗaya ne kusan ko'ina, masu son irin littafin nan ma saboda shi suke zuwa, naman da ka ɗora a kai shine naka, kuma igiya mai cin tunani ban taɓa cin karo da ita a wurin kowa ba sai kai. Ita kuma baiwar Allahn da tace ita bata ga amfanin labarin aljanu da dodanni ba tunda duk ƙarya ne, ka gode mata ka ajiye takardarta gefe, ba aibin littafinka ta faɗa ba, ra'ayinta ta faɗa a kan nau'in gaba ɗaya, kuskuren naka ne da ka ba ta tun farko. Ka koyi raba waɗannan biyun tun yanzu don in littafin ya fita abin zai ninka. Je ka duba shafin intanet na Goodreads, tun 2007 mutane suke ba littattafai tauraro ɗaya zuwa biyar a can, ka zaɓi duk littafin almara da ya shahara zaka tarar da mai biyar yana cewa bayanin duniyar ne ya sace zuciyarsa, mai ɗaya a ƙasansa yana cewa bayanin duniyar ne ya ishe shi, abu guda suke nunawa su biyun. Ni masu tauraro uku nake karantawa, sune suka so littafin amma wani abu ya tsaya musu a wuya kuma sukan faɗi shafin.

Abin da yasa nake ja maka kunne haka na taɓa ƙonewa ne. Littafina na biyu mutum goma sha biyu na ba, kowa ya kawo nasa ni kuma ina jin kunyar in ƙi na wani, wannan yace mugun yayi muni da yawa na sassauta shi, wancan yace faɗa yayi yawa na rage, wata tace faɗa yayi kaɗan na ƙara a wani wurin, wata takwas ina wannan aikin, da na gama na karanta sai naji kamar wani ne ya rubuta, babu wanda zai zage shi kuma babu wanda zai tuna shi. Har yau yana cikin akwati kuma har yau in na tuna daftarin farkon raina yana sosuwa, don shi yana da rai duk da ramukansa. Shi yasa nace ka adana wannan daftarin yadda yake kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, ka buɗe sabon fayil kayi gyaran a can.

Ga yadda zaka yi. Ka bar littafin sati biyu kar ka buɗe shi, zafin maganganun ya huce tukuna. Bayan nan ka samu takarda ka rubuta lambar babi daga 1 zuwa 26 a gefe, duk ƙorafi ko yabo ka sa shi a gaban babin da ya shafa, ka rubuta abin da mutumin ya ji kawai ban da shawararsa, inda alama ta taru nan zaka haƙa. In kuma zaka sake ba wasu su karanta kar ka tambaye su ko yayi daɗi, kunya zata sa suce eh, tambaye su a wane shafi suka ajiye suka tashi, wane wuri suka koma baya don basu gane ba, wa suka ji tsoron kar ya mutu. Ka fara da babi na 19, ka rubuta min jerin abubuwa ukun da yaron zai manta a faɗan nan da dalilin da yasa ka zaɓi kowanne, ka turo min kafin ka taɓa ƙarshen, tsuntsun kuma ka bar shi a wurinsa tukuna sai mun ga abin da 19 ya haifar.