Abokaina sun yaba wasana, amma ba wanda ya gama shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa wani ɗan wasan waya mai matakai 10. Duk abokin da na ba shi sai ya ce "kai, ka iya!", amma ba wanda ya wuce mataki na uku. Ta yaya manyan kamfanoni ke gano inda wasansu ya sami matsala? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokinka ba zai kushe aikinka a gaban idonka ba, kunya ba za ta bar shi ba. Daina tambayar "ya ka gan shi?". Nemo wanda bai taɓa ganin wasan ba, ka miƙa masa wayar, ka koma gefe da biro da takarda, ka kama bakinka. Wahalar duk a nan take. Za ka ga yatsansa yana ta danna hoton ƙofar da ka zana don ado kawai, ga maɓallin gaskiya can ƙasa ko kallonsa bai yi ba, ranka na ce maka ka nuna masa. Kul! Rubuta daƙiƙa nawa ya yi yana lalube, da inda ya ja tsaki. Kuma wanda ka gwada da shi yau, gobe ya riga ya san hanya, sai ka nemo sabo.

Manyan ma abin da suke yi ke nan, kayan aiki kawai suka fi ka. Kafin wasan Halo 3 ya fito a 2007, kamfanonin Microsoft da Bungie sun sa mutane kusan 600 sun buga shi, aka naɗi fiye da awa 3,000. Daga nan suka fitar da taswira mai launi, duk inda 'yan wasa suka fi mutuwa ya yi jajir. A wani filin cikin wasan mai suna Valhalla taswirar ta tona cewa ɓangare ɗaya ya fi cin moriya, sai aka gyara shimfiɗar filin. Mai zane yana iya musu da bakin mai bincike, amma ja a kan taswira ba ya musantuwa.

Hanyar da na fi so gare ka ita ce RITE, wato a gwada, a gyara, a sake gwadawa cikin sauri, wadda ma'aikatan Microsoft suka yi aiki da ita wajen gyara darasin koyon wasan Age of Empires II na 1999. Da zarar matsala ta fito fili, a gyara ta nan take kafin mai gwaji na gaba ya zauna. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya ce mutum 5 kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja. Sai dai wannan lissafin na gano inda mutane ke ruɗewa ne kawai. Ko wasa na da daɗi, wannan sai an tara jama'a da yawa an ba su takardar tambayoyi.

In za ka rubuta rahoton abin da ka gano kuma, shafi ɗaya ya isa: mece ce matsalar, mutum nawa ta kama, ta hana su ci gaba ne ko ta ɓata musu rai kawai, sai ɗan guntun bidiyon allon wayar. Jera su daga mafi muni. Tunda kowa a mataki na uku yake tsayawa, sa wasan ya riƙa adana inda ɗan wasa ya faɗi da sau nawa ya sake gwadawa kafin ya rufe.