Tambaya da Amsa: An ce in ɗora bayanan kifayenmu a kan sabar, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a sashen nazarin halittu na wata babbar makaranta a jihar Kebbi. Shekara da shekaru malamai da ɗalibai suna tattaro samfurin kifi daga Argungu da Yauri, da na tsirrai daga fadamunmu, amma bayanan duk suna warwatse cikin fayilolin Excel. Shugaban sashe ya ce in ɗora manhajar IPT ta GBIF a kan sabar, wato kwamfutar da ke kunne kullum ana samunta ta intanet, domin masu bincike na waje su gani. Muna da tsohuwar kwamfutar tebur a ofis da na'urar intanet mai layin waya. Za ta iya? Kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa aikin albarka. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: kwamfutar nan ta ofis ba za ta yi ba, kuma ba tsufanta ne laifin ba.

GBIF cibiya ce ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a 2001, hedikwatarta na Copenhagen a ƙasar Denmark, tana tara bayanan inda aka ga kowace irin halitta da lokacin da aka gan ta. Ita IPT manhaja ce ta kyauta da aka rubuta da Java, aikinta ta ɗauki teburin bayananku ta ƙulla shi cikin fayil guda bisa tsarin Darwin Core, wato ƙa'idar da aka amince da ita ta rubuta bayanan halittu, ta ajiye shi a wani adireshi. Daga nan kwamfutocin GBIF ne za su riƙa zuwa wannan adireshi suna kwasa. Ka ga ke nan ba kai za ka kai musu kaya ba, su ne za su zo ƙofarka. To layin waya galibi ba ya ba ka adireshin IP naka na kanka da za a iya samunka daga waje, kamfani yana haɗa mutane da yawa ne a bayan adireshi ɗaya. Kai kana iya fita, amma baƙo ba ya iya shigowa. Ka ƙara da ɗaukewar wuta, da zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40 a Birnin Kebbi, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar kwamfuta. Ranar da GBIF ta zo ta tarar da ƙofa a rufe, abin da ta kwasa a baya yana nan, amma gyaran da kuka yi ba zai isa ba.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka koma wurin shugaban sashe da wannan tambayar: lallai ne sai mun mallaki namu? GBIF da kanta tana da IPT da take kula da ita domin masu wallafa bayanai daga Afirka. Su ke da sabar, su ke sabunta manhaja, ku naku shigar da bayanai. In da ni ne, kuma sashen ba shi da mutum ɗaya tsayayye da zai riƙa duba sabar duk wata, wannan hanyar zan bi ba tare da jin kunya ba. Amma in makaranta ta dage sai nata, ko dai ku nemi sashen kwamfuta ya yanka muku wuri a sabar makaranta ƙarƙashin adireshinta na edu.ng, ko ku yi hayar ƙaramar sabar a intanet. Mai ƙwaƙwalwar gigabait 2 zuwa 4 ta ishe ku a ganina. Sai dai a sa kuɗin hayar cikin kasafin sashe, kuma a buɗe asusun da imel ɗin ofis. Kar a biya da katin bankin wani malami, domin ranar da ya tafi ƙaro karatu, sabar ta tafi da shi.

Ɗorawar kanta ba ta da wani tsawo. Ka sa Ubuntu, wani nau'in Linux da ke tafiyar da kwamfuta, mai dogon tallafi, kamar 24.04 wadda ta fito a Afrilun 2024, ana kuma ba ta gyaran tsaro na shekara biyar. Ka sabunta ta, ka buɗe wa kanka asusun da ba na root ba (root shi ne asusun da ke da iko a kan komai), ka koma shiga da makullin SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, maimakon kalmar sirri. A bangon tsaro (firewall), mai tace abin da ke shiga sabar, ka bar ƙofa uku kawai: 22 ta shigarka, 80 da 443 na shafin. IPT tana zuwa ta hanya uku: kunshin Linux, ko Docker mai tafiyar da manhaja a cikin akwatinta na daban, ko fayil ɗin WAR da ake jefawa cikin Tomcat, manhajar da ke tafiyar da shafukan da aka rubuta da Java. Ga wanda bai saba ba, kunshin Linux ya fi sauƙi, don sabuntawa za ta biyo ta hanyar da sauran manhajoji ke bi. In ka zaɓi Tomcat, ka buɗe littafin jagorar IPT ka duba wace Java da wane Tomcat sigar da ka sauke take so. Daga Tomcat 10 aka sauya sunayen ɗakunan karatu na Java daga javax zuwa jakarta, don haka manhajar da aka gina wa Tomcat 9 ba ta tashi a kan 10 haka nan. Mutane da yawa sun kwana suna neman laifin da ba su yi ba a kan wannan.

Inda ake tuntuɓe shi ne shafin saiti na farko, kuma a nan zan daɗe.

Da zarar IPT ta tashi, tana sauraro a ƙofa ta 8080, duk wanda ya fara buɗe shafin shi zai naɗa kansa shugaba. Shi ya sa ban sa 8080 cikin ƙofofin da za ka buɗe ba. Ka shiga ta ramin SSH (SSH tunnel), wato ɓoyayyar hanya daga kwamfutarka zuwa sabar, ka gama saitin tukuna. Abu na farko da za a tabbatar shi ne foldar ajiya. Cikinta komai yake zama: asusun masu amfani, fayilolin da kuka loda, kowace siga ta abin da kuka wallafa. Kunshin Linux yana amfani da /var/lib/ipt. In Tomcat ne, kar ka kuskura ka sa foldar a cikin webapps. Na taɓa gadar wata sabar da aka yi mata haka, ranar da muka sabunta manhajar Tomcat ya share tsohuwar folda ya shimfiɗa sabuwa, aikin watanni ya bi ruwa, sai daga imel ɗin mutane muka riƙa tsinto fayiloli.

Na biyu, za ta tambaye ka yanayin gwaji kake so ko na ainihi. Wannan zaɓi ba ya juyuwa, in kana son sauyawa sai ka sake ɗora IPT daga farko. Na gwaji yana magana ne da rajistar gwaji ta GBIF, abin da ka wallafa ba zai fito a babban shafinsu ba. Shawarata ka fara da na gwaji, ka yi duk kurakuranka a can na mako biyu, sannan ka share ka ɗora na ainihi da sabuwar folda. Na uku shi ne adireshin da duniya za ta same ku da shi. Ka sa sunan yanki na dindindin mai https, kar ka sa lambobin IP, domin wannan adireshin ne za a rubuta a rajista.

A gaban IPT ka tsayar da manhajar Nginx, mai gadin ƙofar shafi, ya riƙa karɓar baƙi a 443 yana miƙa su 8080. Takardar shaidar https kyauta ce daga Let's Encrypt, manhajar certbot ke karɓo ta, tana kuma sabunta ta da kanta kafin wa'adinta ya cika. Wani ɗan tarko: Nginx a asalinsa ba ya barin a loda fayil da ya wuce megabait 1. In ka ga kuskure mai lamba 413 lokacin loda Excel, ka ɗaga client_max_body_size, ba IPT ce ta lalace ba.

Yanzu ga abin da zai ci kashi mafi yawa na lokacinka, wanda kuma bai shafi sabar ba ko kaɗan. IPT taga ce ta nuna kaya, ba rumbun aikin yau da kullum ba ce. Tana iya karɓar fayil, tana kuma iya karantowa kai tsaye daga rumbun bayanai (database) irin PostgreSQL ko MySQL. In bayananku layi dubu kaɗan ne, fayil guda tsaftatacce ya wadatar. In kuna ƙarawa kowane zango, ku zuba su a PostgreSQL, ka bar shi yana sauraron cikin gida kawai kamar yadda yake zuwa, kar ka buɗe ƙofarsa ta 5432 ga intanet, sannan ka yi wa IPT asusun da karatu kawai yake iyawa.

Kowane samfuri yana buƙatar lamba tasa da ba za ta taɓa sauyawa ba, ita ce occurrenceID. Kar ka yi amfani da lambar layin Excel, gobe wani ya share layi ɗaya duk sun goce. Lambar da ke jikin kwalbar samfurin, haɗe da harufan sashe, ta fi. Kwanan wata kuma a rubuta shekara, wata, rana: 2019-03-07. Excel ta shahara da juya 03/07 yadda ta ga dama, bayan shekara biyu ba wanda zai iya rantsewa Maris ne ko Yuli.

Wurin da aka kamo kifin ma akwai abin dariya. Argungu tana wajen digiri 12.7 arewa, 4.5 gabas. In aka musanya ginshiƙin arewa da na gabas a teburin, giwan ruwan da aka kamo a Matan Fada zai bayyana a taswira cikin dajin Kamaru. In kuma aka cike gurbin da ba a sani ba da sifili, zai faɗa tsakiyar teku a mashigin Gini. Abin da ba a sani ba a bar shi fanko. Lambobin da aka ɗauko daga tsofaffin taswirorin Najeriya galibi suna kan ma'aunin Minna ne, na wayar hannu da GPS kuwa WGS84, sai a bayyana wanne ne a ginshiƙin geodeticDatum.

Sunayen Hausa kar ku zubar da su, akwai gurbinsu mai suna vernacularName. Amma sunan kimiyya ne tushe: giwan ruwa Lates niloticus ne, wannan ba gardama. Kurungu kuwa suna ne da masunta ke kiran nau'o'in Synodontis da dama da shi, don haka in ɗalibi kurungu kawai ya rubuta, ka tsaya a Synodontis, kar ka ƙirƙiro masa nau'i. Kuma ka ajiye fayil a tsarin UTF-8, in ba haka ba tarwaɗa za ta koma tarwa?a, duk ƙ da ɗ da ɓ su zama alamar tambaya. GBIF tana da shafin tantance fayil da na daidaita sunayen halittu, ka bi da naka ta cikinsu kafin ka wallafa.

Rajista kuma ba aikin kwamfuta ba ne. Makarantarku za ta nemi zama mai wallafawa, sai an amince da ita kafin a ba ku kalmar sirrin da za ka sa a IPT. Ka fara wannan neman tun yau, don yana iya ɗaukar lokaci. Za ku zaɓi lasisi ɗaya cikin uku da GBIF ke karɓa: CC0, CC BY ko CC BY-NC. Wannan hukuncin malamai ne masu bayanan, ka sa su zauna su yanke a rubuce. Abin da zai tausasa zuciyarsu shi ne kowane tarin bayanai da aka yi wa rajista yana samun lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake ambaton aikin bincike da ita, wanda duk ya yi amfani da shi zai ambace su.

Ka cire sunayen masunta da lambobin wayarsu in suna ciki, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ku. In kuma kuna da bayanin inda aka ga ayu a wajen Yauri, kar ka ba da ainihin wurin. Dabba ce da ke cikin barazana, kuma mafarauta ma suna da waya. Ka rage lambobin zuwa matakin ƙaramar hukuma, ka faɗi a ginshiƙin dataGeneralizations cewa ka yi hakan da gangan.

Sai ajiyar kwafi. Kowane dare a kwafi foldar IPT, a kwafi rumbun PostgreSQL da umarnin pg_dump in akwai, a tura su wata na'ura da ba wannan sabar ba. Sau ɗaya a zango ka ɗauki kwafin ka gwada tayar da shi. Ga amfanin tsohuwar kwamfutar ofishin nan taku: ka hure mata ƙura, ka sa mata Ubuntu, a kanta za ka riƙa wannan gwajin.