Tambayi Likita: Shekaru 20 na Junior Seau a Fili, da Abin da Karo ke Bari a Ƙwaƙwalwa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina bin gasar NFL ta ƙwallon Amurka, kuma na karanta cewa Junior Seau ya kashe kansa jim kaɗan bayan ya yi ritaya. Shin barin wasan ne ya jefa shi cikin damuwa, ko kuwa wasan ne ya lalata masa lafiya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ga waɗanda ba su san wasan ba, Seau ya buga matsayin da ake kira layinbaka, wato ɗan tsaron da ke tsayawa bayan sahun farko, wanda aikinsa shi ne ya taro mai gudu da ƙwallo ya kayar da shi ƙasa, sau da yawa kai da kai. Ƙungiyar San Diego Chargers ta ɗauke shi a 1990, ya yi mata kaka 13, ya kai ta wasan ƙarshe na Super Bowl a Janairun 1995, sannan ya koma Miami Dolphins, ya ƙarasa a New England Patriots a kakar 2009. An zaɓe shi cikin gwanayen shekara sau 12 a jere. A 2006 ma ya sanar da ritaya, amma bayan kwana huɗu kacal ya sa hannu a sabuwar kwantiragi, abin da ke nuna irin wuyar da rabuwa da filin ta yi masa.

Ya rasu a watan Mayun 2012 yana da shekara 43. Iyalinsa sun ba da ƙwaƙwalwarsa domin a bincika, kuma a Janairun 2013 likitocin Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka tabbatar da cewa tana ɗauke da cutar da ake kira CTE. Cuta ce da wani furotin mai suna tau ke taruwa ba bisa ƙa'ida ba a kewayen ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, musamman a cikin lungunan naɗe-naɗenta, har ya kashe ƙwayoyin jijiya sannu a hankali. Iyalinsa sun bayyana cewa a shekarunsa na ƙarshe ya yi fama da rashin barci, da saurin fushi, da janye jiki daga mutane.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na likita shi ne, a duk waɗannan shekaru 20 ba a taɓa rubuta sunansa a jerin masu rauni saboda girgizar ƙwaƙwalwa ba. Ko dai ya riƙa ɓoyewa kamar yadda 'yan wasa da yawa ke yi don gudun zama a benci, ko kuma dubban ƙananan karo da ba su taɓa sumar da shi ba ne suka taru suka yi ɓarnar, kuma binciken da ake da shi yanzu ya nuna cewa yawan shekarun da mutum ya yi yana shan bugu a kai shi ne babban ma'aunin haɗarin. Duk da haka ba daidai ba ne a ce CTE kaɗai ce ta kashe shi, domin ciwon damuwa da ciwon jiki mai naci da rasa abin da mutum ya saba yi tun ƙuruciya duk suna iya haɗuwa a kan mutum ɗaya, kuma ciwon damuwa yana da magani. An sanya Seau a zauren girmamawa na wasan a 2015, ƙungiyar Chargers kuma ta daina bai wa kowa lambarsa ta 55.

Tambaya: Likita, muna zaune a Amurka, kuma ɗana mai shekara 14 ya nace sai ya buga layinbaka a makaranta. Mahaifinsa ya ce hular kwano za ta kare shi. Gaskiya ne? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya shi. Hular kwano tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa motsi. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, saboda haka idan kai ya tsaya cak a yayin karo, ita tana ci gaba da tafiya har ta daki ƙashi ta kuma murɗe.

Ban ce ki hana shi ba, amma ku yi yarjejeniya tun yanzu: duk ranar da ya sha karo ya ji jiri, ko ciwon kai, ko ganin dishi-dishi, ko ruɗewa, ya fita daga filin nan take, kuma ba zai koma ba sai likita ya amince. Ba sai an suma ake samun girgizar ƙwaƙwalwa ba, mafi yawan masu samun ta ba sa suma. Ya huta kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya koma karatu da motsa jiki mataki-mataki. Bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kumbura ƙwaƙwalwar matashi har ya kai ga mutuwa, ko da yake hakan ba ya yawan faruwa. Idan kuwa kika ga amai a kai a kai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da ba a iya tashin shi, ko jijjiga, ko raunin hannu ko ƙafa, to a garzaya da shi sashen gaggawa.

Tambaya: Luke Kuechly, wani layinbaka na NFL, ya bar wasa yana da shekara 28 alhali yana kan ganiyarsa. Ba gaggawa ya yi ba, Likita?

Amsa: A ganina bai yi ba. Ya yi kaka takwas a Carolina Panthers, an zaɓe shi gwarzon masu tsaro na 2013, amma ya sami girgizar ƙwaƙwalwa a 2015 da 2016 da 2017, kuma a ta 2016 an fitar da shi daga fili yana hawaye. Wanda ya taɓa samun ta ya fi sauƙin sake samu, warkewar kuma takan ƙara jinkiri. Chris Borland na San Francisco 49ers ma kaka ɗaya tak ya buga ya ajiye a 2015, yana da shekara 24, saboda wannan fargabar.

Tambaya: Likita, na yi dambe kusan shekara goma, yanzu ina yawan mantuwa da saurin fushi. Akwai gwajin da zai nuna ko ina da cutar nan ta CTE? Daga wani tsohon ɗan dambe a Sakkwato.

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, Malam. A wajen 'yan dambe aka fara gane wannan larura, tun 1928 da likita Harrison Martland ya bayyana ta a Amurka, sannan ɗan Nijeriya Dakta Bennet Omalu ya gano ta a ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasan NFL Mike Webster bayan rasuwarsa a 2002. Har yanzu ba a tabbatar da ita sai ta hanyar binciken ƙwaƙwalwa bayan mutuwa, hoton kai da ake ɗauka a asibiti ba ya nuna ta. Wataƙila ka ji labarin binciken Jami'ar Boston na 2017 da ya same ta a 110 cikin ƙwaƙwale 111 na tsofaffin 'yan NFL. Kada adadin ya firgita ka, domin mafi yawan iyalan da suka ba da waɗannan ƙwaƙwale sun riga sun ga alamun rashin lafiya a jikin mamatansu, don haka bai wakilci duk wanda ya taɓa wasa ba.

Mantuwa da fushi suna da dalilai masu yawa da ake iya magancewa, kamar hawan jini, da ciwon suga, da matsalar maƙoƙo, da ƙarancin barci, da ciwon damuwa, da shan ƙwayoyi irin su tiramadol. Ka je asibitin koyarwa ka nemi ganin likitan jijiya ko likitan ƙwaƙwalwa, ka tafi tare da maiɗakinka ko wani ɗan'uwa da ya san halinka na da, domin shi zai fi iya faɗa wa likita lokacin da canjin ya fara. Idan tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, ka faɗa wa wani na kusa a ranar, a kai ka asibiti ba tare da jiran ranar ganin likita ba.