Amsa ga mai son fara haɗa ingirici: me za a fara saya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da warhaka, 'yan'uwa na wannan zaure na noma da kiwo. Wannan murya amsa ce ga ɗan'uwanmu da ya aiko da tambaya daren jiya, inda ya ce yana da filin gado mai faɗin hekta 5 a ƙasar Zazzau, yana son ya fara haɗa ingirici, wato ciyawar da ake yanka da ɗanyenta a busar a ajiye, domin ragunansa da kuma sayarwa, an kuma yi masa tallar wata tsohuwar tarakta da wani tsohon injin ɗaure ciyawa da aka shigo da shi daga Turai, amma kuɗin da ke hannunsa ba zai ɗauki duka biyun ba. Ya nemi a gaya masa wanda ya kamata ya fara saya. Malam, Allah ya sa wa wannan niyya albarka. Shawarata ita ce a bana kada ka sayi ko ɗaya daga cikinsu, kuma zan faɗi dalili, don haka a yi haƙuri da tsawon muryar.

Abin da ya raba ingirici da busasshiyar ciyawar daji shi ne lokacin da aka yanke ta. Gamba da kyasuwa, da irin waɗanda ake shukawa kamar Rhodes, amfaninsu ga dabba yana kan ganiyarsa ne sa'ad da suka fara fitar da kai, kafin su zuba iri. Daga nan kara yake yin tauri, ganye ya ragu, sinadarin gina jiki ya yi ta sauka, har idan aka shiga tsakiyar rani sinadarin da ke cikin ciyawar da ta bushe a tsaye bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, alhali tumbin saniya ko na rago yana bukatar kusan kashi 7 kafin ya iya narkar da abin da aka ci yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga shanu sun wuni suna kiwo a watan Maris amma kullum sai ƙara ramewa suke yi. Matsalarmu a nan ita ce lokacin da ciyawa ta fi kyau ruwa bai gama ɗaukewa ba, lokacin da hunturu ya kawo bushewar da muke so kuma ciyawa ta riga ta tsufa. A yankinku damar da ta rage ba ta wuce daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ba, sa'ad da ruwa ya fara yin tazara har ana samun kwana biyu ko uku na rana a jere, mu kuwa da ke wajajen Kano da Katsina namu lokacin yakan ɗan riga naku. Saboda haka duk injin da za ka kashe wa kuɗi, ka fara tambayar kanka ko zai taimake ka ka kwantar da ciyawar hekta 5 a ƙasa, ta bushe, ka kwashe ta a cikin waɗannan 'yan makonni. Injin ɗaurewa ba ya yanka, ba ya busarwa, aikinsa na ƙarshe ne, kuma shi ne ya fi kowane tsada da saurin lalacewa.

Kafin maganar inji ma akwai maganar filin kansa, wadda mutane da yawa suke tsallakewa. Waɗannan injina an ƙera su ne domin filayen da suke a shimfiɗe, gonakinmu kuwa na kunya ne. Idan filinka an taɓa noma masara ko dawa a cikinsa, to kunyoyin suna nan a ƙarƙashin ciyawa ko da ido bai gan su ba, kuma injin yanka zai riƙa tsalle a kansu yana cin ƙasa a wani wuri yana barin ciyawa a wani. Ga kututture, ga suri, ga duwatsu. Kuɗin farko da ya kamata ya fita daga aljihunka shi ne na tumɓuke kututturai, da rushe suri, da bin filin da haro har ya baje kafin a watsa iri da farkon damina. Game da iri kuma, ka je Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa, wato NAPRI, da ke Shika a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tun da kusa take da kai. Sun daɗe suna noma ciyawar kiwo suna ɗaure ta, kuma in ka daidaita zuwanka da lokacin yankansu za ka ga yadda injinan suke aiki da idonka. Ina ba ka shawarar ka ware hekta ɗaya ka shuka lablab, wani nau'in waken kiwo, ko waken harawa, domin mai kiwon turke ya fi sakin kuɗi a kan harawa fiye da ciyawa zalla.

Tarakta kuwa, hayarta za ka yi. Aikin huɗa da haro yana ƙarewa tun cikin Yuli, don haka a watan Oktoba yawancin taraktocin haya a ajiye suke, kuma mai ita zai yi murna da samun aikin mako guda. Wanda ya sayi tsohuwar tarakta domin hekta 5 ya ɗauko wa kansa direba da makanike da taya da batir na shekara guda saboda aikin da bai kai wata ba. Abin da za ka tabbatar kawai shi ne sandar nan da ke juyawa a bayanta, wadda makanikai suke kira fitiyo, tana aiki a kan juyi 540 a minti, kuma hannayenta na baya suna ɗaga kaya su riƙe ba tare da sun sauka da kansu ba. Massey Ferguson 375 da ta cika ƙasar nan tana da ƙarfin doki kusan 75, wanda ya ninka abin da waɗannan ƙananan injina suke bukata.

Idan akwai injin da ya cancanci kuɗinka na farko, to na yanka ne. A nan sai ka yi hattara, domin masu taraktar haya za su ce suna da salasha, wato injin sassabe da ake jonawa a bayan tarakta, kuma za su rantse maka cewa tana yankan ciyawa. Tana yanka, amma daddatsa ta take yi ƙanana-ƙanana ta gauraya ta da ƙasa, ganyen ya zube, abin da ya rage kuma ba ya taruwa balle ya ɗauru. Ita ta share fili ce. A cikin injinan yanka na ainihi akwai mai dogon hannu da haƙora irin na zarto, wanda yake da araha amma yana shaƙewa a ciyawa mai kauri ko wadda iska ta kwantar, kuma suri ɗaya ya isa ya karya masa haƙora. Akwai mai jerin fayafayai, wanda ya fi sauri, sai dai in giyoyin da ke cikinsa sun cinye to gyaransa ya kusa kuɗin sayensa. Wanda nake ganin ya dace da kai shi ne mai ganguna biyu, mai faɗin yanka kusan santimita 165, domin ba shi da tarkace da yawa: bel ne, da boris, da 'yan wuƙaƙe da ake sauyawa da hannu, kuma duk makaniken da ke gyaran injin niƙa zai gane kansa. In shi ma ya fi ƙarfinka a bana, ka sayi injin yankan ciyawa na fetur da ake ratayawa a kafaɗa guda biyu, ka haɗa da masu lauje, ka rage filin zuwa hekta 2 da za ka iya gamawa a kan lokaci.

Juya ciyawa da tara ta layi-layi aikin manjagara ne da 'yan ƙwadago, ba ya bukatar inji a wannan girman fili. Ɗaurewa kuma akwai hanya mai sauƙi. Ka sa kafinta ya haɗa maka akwatin katako mai ƙarfi marar gindi, tsawonsa kamar santimita 90, faɗi da zurfi kamar 45, a shimfiɗa igiya biyu a ciki bakinsu na lilo a waje, a riƙa zuba ciyawa mutum yana tattakawa har ya cika, a ɗaure, a ɗage akwatin. Masu walda na Panteka a Kaduna za su iya yi maka na ƙarfe mai hannun dannawa, wanda ya fi matsewa. Mu yi ɗan lissafi a kan misali: a ce hekta ta ba ka tan 4 na busasshiyar ciyawa, kowane dami kuma ya yi kilo 20, ka ga dami 200 ke nan a hekta, 1000 a filin gaba ɗaya. Injin Turai zai gama wannan cikin kwana ɗaya ko biyu, sannan ya kwanta har baɗi yana tsatsa. Sai ranar da maƙwabta suka fara neman ka ɗaure musu nasu, ko filinka ya ninka sau uku ko huɗu, sannan injin zai iya biyan kansa.

Duk da haka na san zuciya tana kan injin, kuma wataƙila farashin da aka faɗa maka ya yi daɗi, don haka ga abin da za ka duba in ka je. Kada ka yi cinikin biri a sama: a jona shi da tarakta, a kawo ciyawa ko tattakar shinkafa, ya ɗaure dami 20 zuwa 30 a jere a gabanka. Ran wannan inji yana ga na'urorin ƙulla igiya guda biyu da ke samansa, kuma su ne ba a ƙera su a wajen walda. Injin da yake tsallake ƙulli ɗaya a cikin dami biyar zai sa ka wuni kana kwancewa kana mayarwa alhali hadari yana haɗuwa a gabas. Ka sa a kashe tarakta, a juya babbar ƙafar ƙarfen da ke gaba da hannu a hankali, ka ga allurai biyun da ke kai igiya wurin ƙulli sun hau sun sauka ba tare da sun yi karo da madannin da ke cusa ciyawa ba. In ka ga alamar walda a jikin alluran, to sun taɓa karo da madannin, ma'ana saitin ya taɓa kwancewa. Ka leƙa cikin ramin da damin yake fitowa ka ga ko tsatsa ta huda shi, ka ƙirga haƙoran da suke tsintar ciyawa daga ƙasa. Akwai kuma wani ƙaramin bol a jikin ƙafar ƙarfen da aka yi shi musamman domin ya karye idan injin ya haɗiyi dutse ko itace. Makanikanmu suna da halin maye gurbinsa da mai tauri don su huta da sauyawa, kuma daga ranar giyar injin ce take karyewa a madadinsa. Sannan ka karanta sunan kamfani da lambar injin a jikin farantinsa. New Holland da Massey Ferguson da John Deere da Welger sun ƙera irin waɗannan da yawa, har yanzu ana samun kayan gyaransu ko da sai an yi odarsu daga waje, amma wanda farantinsa ya goge ba ka ma san abin da za ka nema ba. Igiyarsa ma ta musamman ce mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, igiyar kasuwa ba ta ƙulluwa a cikinsa, don haka ka san inda za ka same ta kafin ka biya. Ina kuma roƙonka, duk wanda zai matso kusa da sandar fitiyo tana juyawa kada ya kasance da babbar riga ko rawani ko wani abu mai lilo a jikinsa, domin in ta kama tufa ba ta saki.

Da inji ko da akwati, kada a ɗaure ciyawa da ɗanyenta. Abin da ake nema shi ne danshinta ya sauka zuwa kusan kashi 15 cikin 100. In ya haura 20 za ta yi fumfuna, ta ɗauki zafi a cikin tari, wani lokaci har ta kama wuta da kanta. Ka ɗebi cikin hannu daga ƙasan layi ka murɗa, in kara ya karye ba tare da alamar ruwa ba, farce kuma bai iya ɓare bawonsa ba, to ta yi. Harawa ita kuma akasin haka ake jin tsoro, domin in ta bushe ƙarau aka taɓa ta da tsakar rana ganyen ne yake kakkaɓewa a bar ka da kara, don haka da sassafe ake ɗaure ta raɓa ba ta gama tashi ba. Wurin ajiya ya zama rumfa mai rufi, a ɗaga damin a kan itatuwa ko duwatsu saboda gara, a bar tazarar da iska za ta ratsa. A makonnin farko ka riƙa cusa rodi a tsakiyar tarin ka bar shi na ɗan lokaci, in ka zaro shi hannu bai iya riƙe shi ba sai a warware tarin nan take. Ka kuma share ciyawa a kewayen rumfar da faɗi sosai kafin masu farautar gafiya su fara cinna wa daji wuta.

Game da sayarwa, kada ka fitar da ko dami ɗaya a Nuwamba, lokacin da harawa take a kan kowace bishiya da kowane soro. Kasuwarka tana buɗewa ne daga Maris zuwa saukar ruwa, kuma a 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa a ƙarshen bazara ko farkon damina, don haka masu turke ragunan layya suna neman abinci daidai lokacin da ya fi wuya. Makiyayan da ke kusa da filinka ma ka je ka gaishe da arɗonsu tun kafin ka shuka, ku yi magana a kan iyakar filin da ranar da za ka gama kwashewa su shigo su ci saura, domin su ne za su fara zuwa saye idan rani ya tsananta.

Idan ka je ganin injin, Malam, ka ɗauko mana hoton farantin da ke ɗauke da lambarsa, da ɗan bidiyon na'urorin ƙullin suna aiki, ka turo nan zauren, akwai makanikai a cikinmu da za su duba maka. Wassalamu alaikum.